Kundin Aikin Tattara Labaran Matasan da Suka Je Musaya a Ƙasashen Waje

6 ga Fabrairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin rubuta yadda aikin tattara labaran matasan da suka je shirye-shiryen musaya a ƙasashen waje yake tafiya. Manufarmu ita ce mu fitar da ɗan littafin jagora da Hausa, haɗe da muryoyin da muka naɗa, wanda matashi zai karanta ko ya saurara tun kafin ya cika takardar neman gurbi, iyayensa ma su fahimci abin da ɗansu ko 'yarsu za ta je yi. Mu uku ne a kan aikin: ni da nake yin hirarrakin, da wata abokiyar aiki da take mayar da muryoyin zuwa rubutu, da wani matashi da ya taɓa yin aikin sa-kai na shekara guda a waje, wanda shi ne yake nemo mana waɗanda za mu zanta da su.

Abin da ya sa muka ga aikin ya zama dole shi ne, kusan duk abin da ake yaɗawa game da waɗannan tafiye-tafiye hoton ranar rufewa ne, inda matasa suka jeru suna murmushi, kowa riƙe da takardar shaidarsa. Farin cikin da ke cikin hotunan na gaske ne, amma wanda bai taɓa zuwa ba ba zai san daga gare su yadda ake samun gurbi ba, ko wanda yake biyan kuɗin jirgi, ko abin da mutum yake ji a dare na biyu idan ya ga kowa yana dariya a kan maganar da shi bai gane ba.

Mun yarda a kan ƙa'idoji tun yau. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, duk wanda bai kai shekara 18 ba sai da izinin iyayensa, kuma kowa yana da damar janye labarinsa kafin a buga. Ƙungiyar da aka yi ƙorafi a kanta ma ba za mu kira sunanta ba, tunda ɓangare ɗaya kawai muke ji.

24 ga Fabrairu, 2024

Makonnin nan sun tafi ne a kan rarrabe shirye-shiryen, domin matasa suna kiran duka da suna ɗaya alhali kuwa dokokinsu sun sha bamban ƙwarai.

Wanda ya fi yawa a bakin waɗanda muka tuntuɓa shi ne musayar matasa ta shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai. Asalin shirin Erasmus na ɗaliban jami'a ne, kuma an fara shi a 1987, sannan a 2014 aka haɗe shi da shirye-shiryen matasa da na koyon sana'a da na wasanni a ƙarƙashin suna ɗaya. Kasafinsa na 2021 zuwa 2027 ya kai kimanin Yuro biliyan 26. Musayar matasa a cikinsa gajeriya ce, daga kwana 5 zuwa 21 ban da kwanakin hanya, ta 'yan shekara 13 zuwa 30, kuma yawanci ana tara mutum 16 zuwa 60 daga ƙasashe biyu ko fiye, kowace tawaga da jagoranta wanda dole ya kai shekara 18. Ba a neman shaidar karatu, ba a kuma yin jarrabawa. Wani abu da na lura mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasar da mutum yake zaune ake dubawa, ba fasfonsa ba. Saboda haka ɗalibin da yake karatu a Turkiyya ko Jamus ko Italiya yana iya shiga tawagar ƙasar da yake zaune, haka ma mazaunin Masar ko Maroko ko Tunisiya idan an haɗa kai da wata ƙungiya ta can, tunda suna cikin ƙasashe maƙwabtan Tarayyar da aka yarda su shiga wannan ɓangare.

Na biyu shi ne aikin sa-kai na tsawon watanni. Tarayyar Turai ta fara nata a 1996, sannan a ƙarshen 2016 ta ƙaddamar da sabon tsari na 'yan shekara 18 zuwa 30, inda mutum yake iya yin wata 2 zuwa 12 yana aiki da wata ƙungiya. Jamus tana da nata mai suna weltwärts tun 2008, kuma daga 2013 ta buɗe shi yadda matasan ƙasashe masu tasowa ma za su je Jamus su yi aikin. Na uku shi ne zaman shekarar karatu a gidan wasu iyali, kamar shirin YES da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 domin ɗaliban sakandare daga ƙasashen da Musulmi suke da yawa, ko na ƙungiyar AFS da ta fara musayar ɗalibai tun 1947.

Mun tsara tambayoyi daban ga kowane rukuni. Wanda ya yi kwana goma cikin taron tsaransa da wadda ta yi wata goma ita kaɗai a gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba, ba tafiya ɗaya suka yi ba.

17 ga Maris, 2024

An fara hirarraki. Tambayoyinmu sun fi karkata ga abin da ya faru a can, amma kusan duk wanda na zanta da shi sai ya ja ni baya zuwa makonnin da suka gabaci tafiyar, musamman batun kuɗin hanya.

Wani matashi da ya je musaya ta kwana tara ya zo wurin hirar da ambulan mai ruwan ƙasa wanda gefensa ya fara yagewa. A ciki akwai katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa, da tikitin jirgin ƙasa guda biyu, da rasitin motar safa wanda rubutunsa ya soma gogewa, shi ya sa ya ɗauki hotonsa ya buga a takarda ya maƙala a bayansa. Ya shimfiɗa su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin yadda ya hau kowace mota, yana gyara su da ɗan yatsa. Ya ce an gaya musu tun farko cewa wanda ya ɓatar da ko ɗaya daga cikinsu ya yi asarar kuɗin wannan zangon. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, an tallata tafiyar a matsayin kyauta, sai da aka zaɓe shi sannan ya gane cewa shi zai sayi tikitin da kuɗinsa, a biya shi daga baya. Ya ce da ni, "Malam, ni ban taɓa riƙe kuɗi mai yawan wannan ba, balle in ba da shi aro." Ya ranto ne a wurin mutum biyu, kuma sai da aka shafe watanni kafin ƙungiyar da ta karɓe su ta turo masa.

Na bi diddigin yadda abin yake domin kada mu ɗora laifi inda bai dace ba. Tallafin hanya ba ya bin farashin tikiti, yana bin nisan da ke tsakanin inda mutum ya taso da inda za a yi taron, a miƙe, kuma an kasa nisan zango-zango, misali daga kilomita 100 zuwa 499, ko daga 500 zuwa 1999. Duk abin da tikiti ya haura adadin da aka yanke wa zangon, galibi daga aljihun matashi zai fito. Wanda ya bi jirgin ƙasa ko motar safa maimakon jirgin sama yana samun ƙari da kuma ƙarin kwanakin hanya. Jinkirin biya kuwa yana da tushe: hukumar da ke kula da shirin a kowace ƙasa galibi tana ba ƙungiya kaso mafi tsoka a farko, sau da yawa kashi 80 cikin 100, ta riƙe sauran har sai an miƙa rahoton ƙarshe an amince da shi. Ƙaramar ƙungiya da ba ta da ajiya sai ta jingina kuɗin hanyar matasa da wannan ragowar.

Dalilin a fili yake, amma sakamakonsa bai yi mini daɗi ba. Matashin da gidansu yake da hali ba zai ma lura da wannan shinge ba, wanda kuwa ba shi da wanda zai ranta masa zai janye a hankali ba tare da ya faɗi dalili ba, alhali shi ne wanda aka ce an fi son shirin ya kai gare shi. Akwai tanadi na musamman domin matasa masu ƙaramin ƙarfi, kuma ƙungiya tana iya saya wa mutum tikiti kai tsaye, amma sai wanda ya san da hakan ne yake tambaya. Wannan zai zama babi na farko a littafin.

2 ga Afrilu, 2024

Gyara kaɗan a bayananmu. Daga 31 ga Maris, Romaniya da Bulgeriya sun shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake zagayawa a cikinsu da biza ɗaya, ta jiragen sama da na ruwa, don haka kwanakin da baƙo ya yi a can suna shiga lissafin kwana 90 cikin 180 da aka yarda ya yi a yankin. Ana yawan yin musaya a ƙasashen biyu, shi ya sa abin ya shafe mu. Abokiyar aikina ta gama rubuta hirarrakin farko, kuma ta ba da shawarar mu riƙa barin shirun da mutane suke yi a cikin muryoyin kada mu yanke, na kuma yarda da ita.

11 ga Mayu, 2024

Batun harshe ne ya mamaye hirarrakin wannan watan. Kusan duk musayar da aka ba mu labarinta da Turancin Ingilishi aka gudanar da ita, kuma duk da cewa ana rubutawa a takardar gayyata cewa ɗan kaɗan ya isa, abin da yake faruwa a zauren daban ne. Waɗanda bakinsu ya saba su ne suke riga kowa ɗaga hannu, su ake zaɓa su yi bayani a madadin rukuni, kuma kafin kwana uku sun zama shugabannin taron ba tare da an naɗa su ba.

Wata matashiya ta ba ni labarin yadda ta yi kwanakin farko tana zaɓar kujerar da ke kusa da ƙofa. Ta ce tana gane mafi yawan abin da ake faɗa, amma kafin ta gama harhaɗa jimlarta a zuci an riga an wuce zuwa wata magana, sai ta haɗiye. Abin da ya sauya mata tafiyar shi ne ƙaramin zaman da ake yi kowace yamma, inda mutum biyar ko shida suke keɓewa da jagora su duba yadda ranar ta kasance. Jagorar rukuninta ta kafa doka cewa kowa zai fara rubuta abin da yake son faɗa a takarda, da harshen da ya ga dama, har tsawon minti biyar, kuma babu wanda zai yi magana sau biyu sai kowa ya yi sau ɗaya. A ranar ne ta fara magana, kuma ta ce da ta gama sai wani saurayi daga wata tawaga ya faɗa cewa shi ma tun zuwansu abin da yake damunsa ke nan. Daga nan su biyun suka riƙa zama tare a gaba, suna taimakon juna da kalmomi.

Wannan ya tuna mini da abin da masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana a 1954, cewa haɗa mutane daga al'ummomi daban-daban a wuri ɗaya kawai ba ya rage ƙyamar juna. Sai an cika wasu sharuɗɗa: su kasance daidai da juna a matsayi, su sa buri ɗaya a gaba, su yi aikin da sai da haɗin kai zai yiwu, kuma masu iko da wurin su mara wa abin baya. Sharaɗin farko shi ne harshe yake rusawa tun a ranar buɗewa, kuma dokar minti biyar ɗin nan ita ta mayar da shi. Na saurari labarai da dama yanzu, kuma ina ganin ingancin musaya ya fi rataya a wuyan jagororin tawaga fiye da kyawun masauki ko taken taron. Mun ƙara tambaya ɗaya a jerinmu: me jagoranka ya yi a lokacin da ka fi shiga matsi?

14 ga Yuni, 2024

Daga 11 ga wannan wata, kuɗin bizar Shengen ta gajeren zama ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90, don haka mun sabunta babin biza. Na zauna na tace abin da doka ta tanada, saboda matasa da yawa jita-jita suke bi. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma bai kamata a wuce kwana 15 kafin ranar tashi ba. A ƙa'ida ana ba da amsa cikin kwana 15, amma ana iya tsawaitawa zuwa 45. Dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Dokar ta yafe kuɗin biza ga wakilan ƙungiyoyi masu zaman kansu da ba na neman riba ba, 'yan shekara 25 zuwa ƙasa, idan za su halarci taron ilimi ko al'adu ko wasanni da irin waɗannan ƙungiyoyi suka shirya. Shirin Erasmus+ ma yana iya biyan kuɗin biza idan ƙungiya ta sa shi cikin kasafinta tun farko. Wanda yake da takardar zama a wata ƙasar Shengen kuwa ba ya buƙatar biza domin gajeriyar tafiya zuwa wata ƙasar yankin.

Duk da haka, labarin da ya fi ɗaci a watan nan na biza ne. Wani ɗalibi ya samu gurbi, ya halarci zaman shiri tare da tawagarsa, har ya tsara wasan da zai jagoranta a rana ta uku. Takardar gayyata ta iso masa a makare, layin ganawa a ofishin jakadanci ya yi tsawo, fasfonsa kuma bai dawo hannunsa ba sai bayan an rufe taron. Ya bi musayar ta hotunan da abokan tawagarsa suke turowa. Ya nemi mu sa labarinsa a littafin, muka ce za mu sa, domin shi ma ya shiga shirin ko da bai hau jirgi ba. Darasin ga ƙungiyoyi ne: wadda take son matasa masu buƙatar biza su zo da gaske, sai ta zaɓe su watanni kafin sauran.

20 ga Yuli, 2024

Wata ƙungiya ta ba ni izinin zama ɗan kallo a musayar da ta shirya a wani ƙauye da ke cikin duwatsun Romaniya, a kan batun shara da muhalli. Tawagogi biyar ne, suna kwana a wani tsohon masaukin ɗalibai, mutum huɗu a ɗaki, kuma da gangan aka gauraya ƙasashe a kowane ɗaki. An manna jadawalin mako a bango da manyan haruffa: wasan motsa jiki da safe, zama biyu kafin azahar, aikin hannu da rana, zaman dubawa da yamma. Babu malami a gaban allo. Matasan ne da kansu suka zagaya ƙauyen da safar hannu da buhuna, suka auna abin da suka tara, suka rarrabe shi, sannan suka shirya ɗan wasan kwaikwayo da suka nuna wa mutanen garin. A wurin wankin kwanuka da ɗaukar buhuna na ga an fi sakin jiki, domin a nan hannu ne yake aiki, ƙarancin harshe ba ya hana kowa ficewa.

Daren al'adu shi ne abin da kowa yake ɗoki, kuma shi ne ya fi ba ni tunani. Tawagogin farko sun rataya tuta, suka kunna bidiyon tallan yawon buɗe ido, suka yi kacici-kacici a kan babban birni da tsaunin da ya fi tsawo. An yi tafi, amma ban ga wanda ya san wani fiye da yadda ya san shi da safe ba, har ma ina tsoron irin wannan dare yana ƙara kafe hoton da mutum ya zo da shi game da wata ƙasa. A cikin tawagar Turkiyya akwai wani ɗalibi Bahaushe da yake karatun injiniya a can, kuma tun zuwansu ake ta tambayarsa ainihin inda ya fito, kamar zamansa a tawagar kuskure ne. Da layi ya zo kansu sai ya ciro katin zamansa daga aljihu ya ɗaga, ya yi bayanin yadda ake sabunta shi, da yadda ya yi shekararsa ta farko yana koyon harshen ƙasar kafin ya shiga aji, da yadda yake ji idan ya yi magana da harshen a kasuwa mai shago ya ɗago kai da mamaki. Abokan tawagarsa suka biyo shi, kowa ya ciro wani abu daga jakarsa ya ba da labarinsa. Wata ta nuna katin motar da take hawa zuwa makarantar dare bayan ta tashi daga aiki. Tambayoyin da aka yi musu sun kai tsakar dare, kuma washegari tawagar da ta rage ta sauya nata shirin.

A rana ta ƙarshe aka zauna cika Youthpass, takardar shaidar da ake bayarwa tun 2007, wadda matashi yake rubuta abin da ya koya da kansa a ƙarƙashin fannoni takwas, daga harsuna zuwa amfani da na'urorin zamani da sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Waɗanda jagoransu ya sa su rubuta layi biyu kowace yamma sun buɗe littattafansu sun zaɓo abubuwa takamaimai. Sauran kuwa sun cika ta cikin gaggawa, akwatunansu na bakin ƙofa, da kalmomin da kowa zai iya rubutawa ko bai zo ba.

25 ga Agusta, 2024

Na juya ga waɗanda suka yi doguwar tafiya. Labaransu sun fi sanyi, kuma wahalarsu ba ta zuwa a makon farko, sai bayan ɗokin ya lafa, sanyi ya shigo, rana ta fara faɗuwa da wuri.

Wata da ta yi shekarar karatu a gidan wasu iyali a Amurka tana da shekara 16 ta ba ni labarin kalandar da ke manne a jikin firjin gidan. Kowane ɗan gida yana da layinsa da launin alƙalaminsa, a nan ake rubuta wanda zai je asibiti, da wanda za a ɗauko daga filin wasa, da wanda girki ya faɗo a kansa. Ta yi makonni tana karanta kalandar kowace safiya ba ta taɓa rubuta komai ba, saboda tana ganin ita baƙuwa ce, su kuma mutanen gidan suna ɗauka ba ta son shiga harkarsu. Wata rana ta sauko ta tarar an ja sabon layi da sunanta, an ɗaure koren alƙalami da zare a gefe. Ta ce abin da ta fara rubutawa shi ne ranar jarrabawar lissafinta, kuma da ranar ta zo uban gidan ya tambaye ta yadda ta kasance.

Masu aikin sa-kai kuma ƙorafinsu biyu ne masu kishiyantar juna. Wasu an ɗora musu aikin cikakken ma'aikaci, wasu kuma sun yi watanni babu wanda ya san abin da zai ba su su yi. Waɗanda suka ji daɗin zamansu su ne waɗanda aka haɗa su da mai ba da shawara wanda ba shi ne shugabansu a wurin aiki ba, mutumin da za su iya kai masa kuka ba tare da fargaba ba.

29 ga Satumba, 2024

Dawowa gida ita ce ɓangaren da ba a shirya kowa a kansa, kuma a nan ne muryoyin da muka naɗa suka fi yawan shiru. Masana sun daɗe da lura da haka. A 1955 Sverre Lysgaard ya yi nazarin 'yan Norwe da suka je karatu Amurka, ya nuna cewa mutum yana farawa da ɗoki, ya faɗa cikin ƙunci, sannan ya farfaɗo. A 1963 John da Jeanne Gullahorn suka ƙara da cewa irin wannan faɗuwar tana sake aukuwa bayan an koma gida. Ba kowa ne yake bin wannan layi daidai ba, amma mafi yawan waɗanda na zanta da su sun gane kansu a cikinsa da na bayyana musu.

Yadda suke kwatanta abin kusan iri ɗaya ne. A makon farko zauren WhatsApp na tawagar ba ya barci, ana ta turo hotuna da alkawarin ziyara. Bayan wata guda sai saƙon taya murnar ranar haihuwa, daga nan kuma shiru. A gida ana tambayar mutum yadda hanya ta kasance, a kalli hotuna sau ɗaya, rayuwa ta ci gaba. Idan ya yawaita ba da labarin can sai a fara ganin yana ɗaga kai, don haka ya daina. Wani ya ce da ni ya fi jin kaɗaici a ɗakinsa bayan ya dawo fiye da yadda ya ji a ƙasar da bai san kowa ba.

Daga nan hanya ta rabu. Akwai waɗanda ƙungiyar da ta tura su ta kira su zama cikin makonni biyu, ta saurare su, ta ba su wani aiki ƙarami su riƙe: wata ta buɗe zaman hira na mako-mako domin masu koyon harshe, wani ya zama mataimakin jagora a tawaga ta gaba. Waɗannan su ne har yanzu suke iya faɗa mini dalla-dalla abin da tafiyar ta sauya musu. Akwai kuma waɗanda babu wanda ya neme su, sai suka magance kewar da neman wata tafiyar, daga wannan musaya zuwa waccan, har suka ƙware a rubuta takardar neman gurbi. Ban ga laifinsu ba, amma abin yana da illa, domin ƙungiyoyi sun fi son wanda ya saba, mai fasfo a hannu, wanda ba zai ba su wahala ba, sai guraben su riƙa zagayawa a tsakanin fuskoki ɗaya, sabon shiga kuma yana waje.

Akwai batun da mutane suke rage murya idan za su taɓo shi, wato waɗanda suka je ba su dawo ba. Waɗanda suka ambata shi sun yi hakan ne da damuwa, saboda sun ga yadda ƙungiyar da abin ya faru da ita ta daina gayyatar kowa daga inda wancan ya fito. Za mu rubuta shi a littafin a fili, ba tare da zagi ba.

3 ga Nuwamba, 2024

Daftarin farko ya haɗu. Mun kasa shi uku: kafin tafiya, lokacin zama, da bayan dawowa, kuma na farko da na ukun sun fi na tsakiyar kauri, kamar yadda hirarrakin suka kasance.

Mun yi saɓani da matashin da yake aiki tare da mu. Yana ganin labarin bashin tikiti da na bizar da ba ta fito ba za su karya wa masu karatu gwiwa, musamman iyayen da dama can suna ɗari-ɗari. Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya, domin shekarar da ya yi a waje ita ta buɗe masa hanyar aikin da yake yi yanzu, kuma yana son kowa ya samu irinta. Ni kuma ina ganin wanda ya san shingen tun daga nesa shi ne zai iya tsallake shi. Mun tsaya a kan cewa labaran za su zauna, amma kowanne za a bi shi da abin da mutum zai iya yi: tambayoyin da zai yi wa ƙungiya a rubuce kafin ya sayi tikiti, ranar da ya kamata takardar gayyata ta iso, da wanda zai tuntuɓa idan an yi shiru.

Abokiyar aikina ta nemi a ƙara gajeren babi na tarihi, na kuma rubuta shi a makon jiya. Ya fara da sansanin aikin sa-kai da Pierre Cérésole ɗan ƙasar Siwizalan ya shirya a 1920 a wani ƙauye kusa da Verdun a Faransa, inda masu aikin, har da Jamusawa, suka taimaka wajen sake gina abin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa. Ya biyo ta kan ofishin matasan Faransa da Jamus da aka kafa a 1963 bayan yarjejeniyar da shugabannin ƙasashen biyu, Charles de Gaulle da Konrad Adenauer, suka sa wa hannu, wanda ya kai miliyoyin matasa ƙasashen juna, da cibiyoyin matasa da ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe ta buɗe a Strasbourg a 1972 da Budapest a 1995.

Saura aiki uku. Ba mu zanta da iyaye ba tukuna, kuma ina son jin ta bakin waɗanda suka hana da waɗanda suka bari. Muna kuma neman matasan da suka nemi gurbi ba su samu ba, waɗanda sun fi wuyar samu saboda babu ƙungiyar da take ajiye sunayensu. Sannan duk alƙaluman da ke babin kuɗin hanya sai an sake tantance su idan littafin ƙa'idojin shirin Erasmus+ na 2025 ya fito. A watan Disamba za mu tura wa kowane wanda muka yi hira da shi shafukan da labarinsa ya fito, ya gyara ko ya janye, kafin mu kai daftarin wurin jagororin tawaga biyu da suka yarda su karanta.